Mai Gadin Duwatsun Auta

Litinin, da hantsi

Na zama kaka. Namiji ne. Da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya kama min alƙalami.

Malamar ajinmu na yamma ta ce wanda ya koyi rubutu da furfura a ka, in ya kwana biyu bai yi ba sai hannun ya koma gidan jiya. To ga shi ina yi. Tun ina saurayi cokalin gini ne a hannuna, alƙalami kuwa sai da na ajiye aiki. Auta ce ta kai ni ajin da kanta, ta ce ta gaji da karanta min kwalin magani.

Yaron ya riga lokacinsa. Innar Auta ta hango shi ta gilashi, ta ce ɗan mitsitsi ne amma hancin nawa ne sak. Tun a mota take kiransa angonta. Na ce shi ke nan, ɗan ƙwace ya iso, ni an sallame ni. Na saya wa yaran layi alewa. Na yi ta dariya ni kaɗai har mai shagon ƙofar gida ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiyar ke nan.

Auta tana hutawa. Haka suka ce.

Litinin, bayan la'asar

Dogo ya bugo waya. Surukina ke nan, mijin Auta. Innarta ya nema, ni bai neme ni ba. Da ta gama saurare ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na ƙwanƙwasa, ta ce kanta ke ciwo.

Na zagaya baya na duba duwatsun. Suna nan.

Talata, da safe

Bari in rubuta zancen duwatsun, don in ɗan ƙwace ya girma ya san abin da kakansa ya tsare.

A bayan gida, jikin katanga, akwai dakalin da na gina wa Auta. A kai ta jera duwatsu kashi uku. Na hagu daga wani tsauni mai sanyi ta kwaso su, na tsakiya daga bakin teku, na dama daga busasshiyar ƙasa inda ruwan sama ba ya zuwa sai an fid da rai. Ba duwatsun ne abin so ba, abin da ke manne a jikinsu ne: wani ɓawo mai ruwan toka, bakinsa a nannaɗe, kamar kirci a kan yaro. Ni kircin bango nake ce masa. Rayuwata duka da burushin waya nake kankare shi kafin in yi yaɓe. Ita kuma tun tana 'yar ƙarama, in ta kawo min abinci wurin aiki, sai ta tsince abin da na kankare ta cika aljihu. Yanzu a kansa take digirinta na ƙarshe. Allah mai iko.

Ta sha yi min bayani. "Baba, ba abu ɗaya ba ne, biyu ne suka haɗa gida. Funfuna ce da gansakuka. Funfuna ke gina ɗaki, ta kama dutse, ta tare rana da iska. Gansakuka tana ciki, ita ke haɗa abinci da hasken rana, su ci tare."

Na ce, "Wato magini da mai girki."

Ta ce, "Ka ci jarrabawa."

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, funfunar nan iri ɗaya ce a duk wuraren uku, amma gansakukar da ke cikinta ba ɗaya ba ce. Ta tsauni ta ɗauki mai jure sanyi, ta bakin teku ta ɗauki wata daban, ta busasshiyar ƙasa ta ɗauki mai jure ƙuna. Shi ne ta tara su a dakali ɗaya, rana ɗaya ke dukansu, iska ɗaya ke busa su, ta ga ko kowace za ta riƙe wadda ta zo da ita, ko za ta ɗauki ta garin nan. Abin ba ya sauri. Abin da yake ƙarawa a shekara bai kai faɗin farce ba. Damina da yawa ta jira. Bana ne za ta kankari kaɗan daga kowanne ta kai ɗakin gwaji.

Dogo ma a tsaunin ta samo shi, shi ne direban da ya hau da su. Ta je neman dutse ta dawo da mutum. Suna zaune a ɓangaren da na gina musu, kuma shi ke girki, ko kunya ba ya ji. In na yi magana sai ta ce, "Ai ni 'yar magini ce, Baba. Sai da na je wani gari na samo mai girkina."

Ranar da za su tafi asibiti, tana dafe da ƙugu, Dogo na ta danna hon, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, duwatsuna. Kada kowa ya taɓa su sai na dawo." Na ce je ki. Ta ce, "Ka ce ka ji." Na ce na ji.

Sai ta dawo. Ita ta faɗa.

Alhamis, da azahar

Wane irin asibiti ne ake hana mai jego waya?

Juma'a, da yamma

Mutane sun fara shigowa. Barka aka ce za su yi min, amma murya ƙasa-ƙasa suke yi, kamar an ce kada a tashi wani daga barci. Matar tela ta zauna ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya raya abin da ta…" sai ta haɗiye sauran. Na ce ƙarasa mana. Ta ce, "Abin da ta haifa." Na ce amin, ga hanya can.

Innar Auta ta ce na ci mutuncin baƙuwa. Ni ba ni na gayyato ta ba.

Asabar, da hantsi

Dogo ya dawo yin wanka. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Na tambayi ɗan ƙwace, ya ce yana shan madara da ɗan bututu, yana ƙara nauyi. Ban tambayi komai ba bayan wannan, shi ma bai faɗa ba.

Sai ya ce likita ya ce za a sallami yaron kafin uwarsa. Ƙirjinsa bai yi ƙwari ba, sai ɗaki mai tsabta, ba laima, ba funfuna. Yana faɗa yana kallon tagar ɗakinsu. Tagar kuwa a kan dakalin take buɗewa.

Ya ce, "Baba, bangon nan."

Na ce me ya yi?

"Da an wanke shi an yi masa fenti. Duwatsun sai a kwashe a ajiye a sito."

Na ce a sito, cikin duhu? Gansakuka da me za ta yi girki, da fitilar hannu? Kai da kake mijinta ba ka san wannan ba?

"Na sani, Baba. Amma yaron…"

Na ce yaron jikana ne tun kafin ka san za ka zo garin nan. Maganar ba ta da kai, na sani, amma na faɗa. Na ce ta ce kada a taɓa sai ta dawo. Sai ya kalle ni, ya kalli ƙasa, ya yi shiru.

Shirun nan ne ya fi ba ni haushi. Da zagina ya yi da ya fi.

Lahadi, da safe

Innar Auta ta ɗauke takalman aikin Auta daga bakin ƙofa ta cusa ƙarƙashin gado. Na fito da su na mayar inda suke. Ta sake ɗaukewa. Na sake mayarwa.

Litinin, da azahar

Rana ta buɗe sosai kwanan nan. Na duba duwatsun, raina ya ɓaci. Abin ya bushe ƙamas, ya yi fari fat, bakinsa ya tattare, in ka taɓa sai ka ji kamar zai ruguje. Ta bar min amana, ta dawo ta tarar da ɓawo?

Ba ni da digiri, amma na san abu ɗaya. Duk abin da kake so ya yi ƙwari a jikin bango, ruwa kake ba shi safe da yamma, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta fasa shi. Haka muke yi wa yaɓe, haka muke yi wa bulo, ban taɓa gina abin da ya tsage ba. Na ɗauko butar yayyafi na ba su. Wallahi kafin in ajiye butar suka canza. Farin ya koma kore, bakin ya miƙe, suka yi laushi kamar kunnen jariri. Na tsaya ina dariya ni kaɗai. Ashe ƙishirwa suke ji, ba wanda ya kula sai ni.

Na jiƙa buhuna na rufe su.

Laraba, da safe

Na ba su ruwa. Kore shar.

Innar Auta ta dawo daga asibiti da hoton ɗan ƙwace a waya. Ya buɗe ido ɗaya, ya haɗe gira kamar mai karɓar haya. Na ce wannan ba zai yi wa kowa sauƙi ba. Na sa ta nuna min har batir ya mutu.

Ta ce, "Malam, ka je ka gan ta."

Na ce wa zai tsare bango?

Alhamis, da hantsi

Dogo ya turo mai fenti. Bai ko faɗa min ba. Ina cikin ban ruwa na ji ƙarar tsani a soro, sai ga mutum da bokiti da burushin waya, irin nawa na da.

Ya ce, "Sannu Baba. Ina bangon?"

Na ce wane bango?

"Na baya. An ce in kankare in wanke da magani, gobe in shafa."

Na jawo kujera na zauna a gaban dakalin. Na ce fara da ni. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya ɗaga gefen buhu ya leƙa ya ce, "Baba, wannan dattin kake gadi? Ai a kyauta nake zubar da irinsa kullum." Na ce ni na riga ka zubar da shi, tun uwarka tana goyonka nake zubar da shi, sauke hannunka. Ya sauke. Ya zauna a kan bokitinsa ya kira Dogo, suka yi ta ƙus-ƙus. Da zai tafi ya bar tsaninsa a jingine, wai zai dawo.

Na kwantar da tsanin na ɗaure shi da sarƙa a jikin famfo.

Alhamis, bayan la'asar

Ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci. Ban ci ba.

Asabar, da yamma

Ban je aji ba. Malama ta aiko a tambaya. Na ce a ce mata ina aikin gadi.

A gidan nan kowa ya koyi wata sabuwar magana. "In Allah ya tashi kafaɗunta." "In an ga yadda hali ya yi." Da can cewa ake yi in ta dawo. Yanzu ni kaɗai ke faɗin haka, kuma in na faɗa sai su kalli juna. Su yi ta kallo. Yarinyar da ta hau tsauni da buhun duwatsu a baya, ita ce gadon asibiti zai gagara sauka?

Na ba su ruwa. Na ƙara buhu.

Litinin, da safe

Innar Auta ta tsaya a kaina ina jiƙa buhu.

Ta ce, "Wurin nan wari yake yi."

Na ce hancinki ne.

"Malam, 'yarka tana can, kai kana nan kana wa dutse wanka. Kullum masu jinya sai sun tambaye ni, ba ta da uba ne? Me zan ce musu?"

Na ce ki ce yana aikin da ta sa shi.

"Tsoro kake ji."

Na ce ni? Na yi aiki a saman bene ba igiya, iska na kaɗa ni. Ta ce, "Na sani. Tsoro kake ji." Ta ɗauki jakarta ta fita. Shekara da shekaru ina zaune da matar nan, ba ta taɓa iya yin shiru a inda ya kamata ba.

Laraba, da azahar

Wurin yana wari.

Alhamis, da hantsi

Abokiyar aikin Auta ta zo, wadda muke ce wa Mai Tabarau. Tare suke ɗakin gwaji. Dogo ne ya kawo ta, ina jin don ta lallashe ni. Na ce madalla, ga wadda ta san darajar abu, zo ki ga yadda na riƙe su.

Ta ga buhunan ta tsaya cak. Ta ce, "Baba, tun yaushe?"

Na ce tun da rana ta buɗe. Safe da yamma, ban taɓa fashi ba.

Ta ɗaga buhun farko da yatsa biyu. Na tsakiya, na bakin teku, sun yi baƙi, sun yi yauƙi, ɓawon ya saki dutse yana zamewa kamar dafaffen ganye. Wata farar funfuna mai gashi, irin ta ruɓaɓɓen burodi, ta hau kansu. Na dama rabi sun tafi. Na tsauni ne kawai da ɗan dama, su ma gefensu ya ci.

Na ce ai kore suke yi in na ba su.

Ta ce, "Suna yi, Baba. In suka sha ruwa sai su farka su yi aiki. Amma dole su bushe bayan nan. A jiƙe kullum, a rufe, ba haske, gansakukar ba ta girki, funfunar ta shaƙe, sai wata funfunar ta waje ta zo ta cinye su duka."

Na ce da na gan su sun yi fari fat, sun tattare.

"Haka suke. Bushewa ba mutuwa ba ce a wurinsu. Sai su rufe komai su kwanta, ka rantse ba rai, su yi wata da watanni a haka. Jira suke yi. Sun fi mu iya jira."

Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa.

Na ce to me ya hana wani ya faɗa min? Ku masu ilimi, kuna da waya, kuna da mota, ba wanda ya iya zuwa ya ce tsoho kada ka ba su ruwa? Ita ma Autar, "kada kowa ya taɓa," shi ke nan? Ba ta san ubanta magini ba ne? Na yi ta faɗa. Na yi wa Mai Tabarau, na yi wa Dogo, na yi wa rana da ta buɗe. Na yi wurgi da butar ta bugi katanga ta lotse.

Dogo ne ya kwashe buhunan ya fitar waje. Funfunar da likita ya ce a kiyaye, ni na noma ta a ƙarƙashin tagar jikana. Bai faɗa ba. Ya san na sani.

Juma'a, da safe

Ban ba su ruwa ba. Hannuna sai ƙaiƙayi yake yi.

Asabar, da hantsi

Ina zaune a gaban dakalin sai Dogo ya zo ya tsuguna a gefe. Ya daɗe yana kallon na hagu. Ya nuna wani mai faɗi ya ce, "Wannan ni na sauko da shi. Ya fi kowanne nauyi. Ta ce in na yar da shi a hanya kada in ƙara yi mata magana." Ya ɗan yi dariya. "Ranar na san na shiga uku."

Na ce to me ya sa ka turo mai fenti?

Ya ce, "Baba, su biyu ne a asibiti. Ɗaya ba abin da zan iya yi mata. Ɗayan an ce ga abin da zan yi masa. Shi ne na kama."

Sai na ce ɗakina yana gaba, tagarsa titi take kallo, rana na shiga tun safe, ba laima ko kaɗan, ni na zuba harsashinsa. A yi masa fenti a sa yaron. Ni da tsohuwa mu koma ɓangarenku. Bango a bar shi.

Ya ce, "Inna za ta yarda?"

Na ce don angonta? Ko a soro aka ce ta kwana za ta kwana.

Ya ce to. Sai ya ce, "Baba, yau ni zan yi gadi. Ba wanda zai taɓa. Mota tana waje, Inna tana ciki."

Na ce ban shirya ba. Ya ce ta fito min da riga.

Munafukai. Tare suka ƙulla.

Asabar, da yamma

Na je.

Lahadi, da safe

Ɗakin sanyi ne da shi. Sai an wanke hannu, a sa wata riga, mutum ɗaya ke shiga. Akwai na'ura a gefen gado tana ƙara a kai a kai. Filastar silin ɗin ta tsage daga kusurwa, wanda ya yi aikin bai ba ta ruwa ba. Tayil ɗin ƙasa ma ba a daidaita su ba. Na daɗe ina kallon tayil.

Hannun Auta ya bushe, ya yi fari. Ban san ko ana taɓawa ba, na tambayi ma'aikaciyar jinya, ta ce taɓa mana Baba, yi mata magana ma.

Na ce, Auta, ni ne. Duwatsunki suna nan.

Iyakar abin da na ce ke nan. Ba ƙarya na yi ba. Duwatsun suna nan.

An kai ni na ga ɗan ƙwace. Na zura yatsa ta wata 'yar ƙofa a jikin akwatin gilashin da yake kwance ciki, ya kama ya ƙi saki. Riƙon magini. Ma'aikaciyar ta ce Baba kuka kake yi? Na ce maganin da kuke goge ƙasa da shi ne ke shiga ido.

Talata, da azahar

Na kwance wa mai fenti tsaninsa. Ya shafe ɗakina fari tas. Ya ce, "Baba, dattin naka fa?" Na ce yana gaishe ka.

Kullum yanzu ina zuwa asibiti. In na dawo in duba dakali. Sun bushe, sun yi fari. Ina kallo, hannuna a aljihu.

Juma'a, da hantsi

Ɗan ƙwace ya shigo gida! Ya ƙwace ɗakin, ya ƙwace gadon, ya ƙwace matar. Tsohuwa ko kallona ba ta yi. Dogo ke dama madara, yana gwada zafinta a bayan hannu kamar wanda ya shekara yana yi. Na ce a ba ni in riƙe, aka ce in wanke hannu. Na wanke. Aka ce in sake. Ni da gidana.

Da na karɓe shi ya yi min fitsari a riga. Na ce na gode, an biya ni kuɗin ɗaki.

Takalman uwarsa suna bakin ƙofa. Yau ba wanda ya ɗauke.

Litinin, bayan la'asar

Ba canji, in ji likitoci. Kullum ba canji. An biya su ne don su riƙa faɗin kalma biyu?

Laraba, da safe

Mai Tabarau ta zo da ɗan madubinta mai ƙara girman abu ta duba. Na bakin teku sun tafi duka, ba sauran magana. Na dama akwai biyu da take sa rai. Na tsauni ta ce a jira ruwan sama na gaskiya a gani. Na ce in an rasa kashi ɗaya, aikin ya lalace? Ta ce ya ragu. Na ce ba ragi na tambaye ki ba. Ta ce, "Ya ragu, Baba. Sauran ita za ta faɗa."

Ita za ta faɗa. Yarinyar nan tana da hankali.

Alhamis, da azahar

Auta ta buɗe ido. Tsohuwa ce a ciki. Ta fito a guje ba takalmi.

Lahadi, da yamma

An cire mata bututun numfashi. Murya ba ta fita, sai iska. Aka kawo mata yaron aka ɗora mata a ƙirji, ta daɗe tana shinshina kansa. Da na shiga ta kalle ni ta motsa baki. Na sunkuya. Ta ce, "Duwatsu."

Na ce suna nan, ki huta.

Ta ƙura min ido. Tun tana yarinya haka take yi in na ɓoye abu a bayana. Na ce ana kirana a waje.

Talata, da safe

An yi ruwa jiya da yamma, na gaske. Kafin magariba ya ɗauke, iska ta busa. Na tsauni sun yi kore, da safen nan kuma sun fara komawa toka da kansu. Na dama guda biyun ma haka. Ban taɓa ba. Tsohuwa ta ɓoye butar tun tuni, wai ko da tsautsayi.

Asabar, bayan la'asar

Ta dawo.

Dogo ya turo ta a keken marasa lafiya. Tsohuwa ta gyara gado, ta ce a wuce da ita ɗaki. Auta ta ɗaga hannu ta nuna baya. Aka ce ki huta tukuna. Ta sake nunawa. Dogo ya kalle ni, ya juya keken.

Ta sa aka matsa da ita har gwiwarta ta taɓa dakalin. Ta karɓi madubinta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, daga hagu. Da ta zo tsakiya ta ajiye madubin a cinya. Duwatsu ne kawai, wankakku, ba komai a jikinsu.

Ta ce, a hankali, "Wa ya yi wannan?"

Dogo ya buɗe baki zai ce wani abu. Na ce ni ne. Ruwa na ba su, safe da yamma, na rufe da buhu.

"Buhu."

Na ce jiƙaƙƙe.

Sai muryar ta fito. Ban san daga ina ta fito ba. "Baba! Bulo ne? Ce maka na yi bulo na ajiye? Ka san yadda na samo na tekun nan? Ruwa har ƙugu, igiyar ruwa na maka ni da dutse, ga tabon a ƙafata! Shekara nawa ina jira! Kada a taɓa, na ce kada a taɓa, na sa ka maimaita, ka ce ka ji!"

Na ce ban taɓa ba, zubawa na yi.

"Kada ka yi min wayon magina!"

Tsohuwa na cewa ki bi a hankali ɗinkinki, Dogo na riƙe keke, ɗan ƙwace ya tsala kuka daga ɗaki, matar tela ta leƙo ta saman katanga. Auta ba ta fasa ba. Ta ce kashi biyu ba uku ba ne, sai ta sake rubuta rabin aikin. Ta ce in ta warke ni zan bi ta bakin teku, ni zan shiga ruwan, ni zan ɗauko, ni zan yi dako, kuma sai na jira shekarun tare da ita ko ina so ko ba na so. Ta ce daga yau tsakanina da dakalin nan sai kallo daga nesa. Har soro ake jin ta.

Ta tsaya tana haki, ta ce, "Dariya ma kake yi?"

Na ce a'a.

"To mene ne wannan a fuskarka?"

Na ce ci gaba, ina jin ki.

Lahadi, da hantsi

Ba ta yi min magana tun jiya. Na gaishe ta, ta juya kai. Dogo ya ja layi da alli a ƙasa, taku kaɗan daga dakalin, wai umarni ne daga sama.

Na kawo kujerata daidai layin na zauna, ɗan ƙwace a cinyata. Na nuna masa na hagu na ce, ka ga wancan mai faɗin, ubanka ya sauko da shi. Magini ne da mai girki a ciki. Ko mai girkin ta tsauni ce har yanzu, ko ta garin nan ce, uwarka za ta faɗa mana.

Ta tagar tsohon ɗakinsu na ji an ce, "Baba, ƙafarka ta haye layi."

Na janye.